Gari Ɗaya, Makaranta Ɗaya: Allen da 'Yan Badujalarta Ɗari Takwas

Idan aka busa hutun rabin lokaci a filin wasan makarantar sakandaren Allen, a jihar Teksas ta Amurka, ba kowa ke tashi neman abin taɓawa ba. 'Yan ƙwallo na shigewa ɗakin canza kaya, sai wata rundunar ta fara kwararowa daga gefen fili, sahu bayan sahu, har koren filin ya ɓace a ƙarƙashin ƙafafu. Ga masu ƙahonin tagulla, ga masu sarewa, ga masu ganguna rataye a ƙirji, ga masu kaɗa tutoci, ga 'yan mata masu rawa. Sun kai kusan 800. Mafi ƙanƙanta a cikinsu bai wuce shekara 14 ba, babbansu kuma da wuya ya haura 18, kuma dukansu ɗaliban makarantar gwamnati ɗaya ne.

Sunan rundunar Allen Eagle Escadrille. Kalmar ƙarshen nan ta Faransanci ce, ana kiran ayarin jiragen yaƙi da ita, kuma sun ɗauke ta ne saboda tambarin makarantar mikiya ne. An daɗe ana lissafa ta a matsayin ƙungiyar 'yan badujala mafi girma a makarantun sakandaren Amurka. In makarantar za ta buga wasa a wani gari, kwashe su kaɗai aiki ne: a lissafa motar bas mai cin yara arba'in da ɗoriya, za a ga ana neman kusan ashirin, ban da manyan motocin da ke ɗauko ganguna da sauran kayan kiɗa.

Amma ba da badujala duniya ta san Allen ba. Abin da jaridu suka yayata a 2012 shi ne filin ƙwallon da garin ya gina wa makarantar a kan kuɗi kusan dala miliyan 60. Wasu suka yi ta dariya, wasu suka yi tir, aka ce ga Teksas nan da haukarta. Ni dai a nawa ganin an kama reshe ne aka bar tushe. Filin nan, da badujalar, da kofunan da suka cika kabad, duk daga shawara ɗaya suka fito, wadda mutanen garin suka yanke tuntuni kuma suka ƙi sauka daga kanta: komai girman da garin zai yi, sakandare ɗaya za a riƙe.

Daga tashar jirgi zuwa birni

Allen tana gundumar Collin, kimanin kilomita 40 arewa da birnin Dalas. Asalinta tashar jirgin ƙasa ce. A 1872 kamfanin jirgin Houston and Texas Central ya shimfiɗa dogo ta wurin, daga baya ya tare wani rafi da madatsar dutse don jiragen gawayi su riƙa shan ruwa, aka kuma raɗa wa tashar sunan Ebenezer Allen, tsohon babban lauyan jihar wanda ya yi fafutukar kawo jirgin. A watan Fabrairun 1878 ɗan fashin nan Sam Bass da yaransa suka tare jirgi a nan suka yi awon gaba da dukiya, labarin da har gobe garin ke bayarwa da ɗan alfahari. Bayan wannan, shiru. Baƙar ƙasa ce mai kyau da auduga, mutane suka duƙufa noma. Lokacin da garin ya samu majalisarsa a 1953, mazaunansa ba su fi 400 ba.

Abin da ya tashe shi daga barci babbar hanya ce, mai lamba 75, wadda ta miƙe daga tsakiyar Dalas zuwa arewa. Kamfanonin sadarwa suka cika garin Richardson, manyan kamfanoni suka kafa hedikwata a garin Plano, ma'aikatansu kuma suka shiga neman gida mai fili da makaranta mai kyau. Akwai wani dalilin da ba a cika son faɗa ba a irin waɗannan garuruwa: a shekarun 1970 kotu ta tilasta wa makarantun Dalas haɗa 'ya'yan baƙar fata da na farar fata, iyalai farare da yawa kuma suka tattara nasu ya nasu suka yi gefen birni. Ƙidayar jama'a ta nuna yadda gonaki suka koma rukunin gidaje. A 1970 mutum 1,940 ne a Allen. A 1990 sun haura 18,000, a 2000 sun wuce 43,000, a 2010 sun zarce 84,000, a 2020 kuma sun kai 104,627. Garin yau ya sauya fuska. Akwai Indiyawa da Sinawa da 'yan Latin Amurka da 'yan Afirka, akwai masallaci, akwai shagunan naman halal.

A Teksas makarantun gwamnati ba a hannun gwamna ko magajin gari suke ba. Kowane yanki yana da hukumar makarantunsa mai cin gashin kanta, jama'a ke zaɓen mambobinta, kuma babban abin da take dogara da shi harajin gidaje ne da filaye. Gidanka ya yi tsada, harajinka ya ƙaru. Makarantar unguwarku ta yi suna, gidan naka ya ƙara daraja. Shi ya sa ko wanda ba shi da ɗa a makaranta yakan sa ido a kan abin da hukumar ke yi. Kuɗinsa ne.

Duk garin da ya yi irin wannan kumburi, tambaya ɗaya ke jiransa: idan sakandare ta cika, a gina wata ko a faɗaɗa ta da? Plano ta raba nata manyan makarantun gida uku. McKinney ma uku gare ta. Frisco, maƙwabciya ta yamma, ta zaɓi ƙananan makarantu don kowane yaro ya samu gurbi a wasanni da ƙungiyoyi, yau tana da sakandare fiye da goma. Allen ta ƙi. Ƙasarta ba ta da faɗi, kimanin murabba'in kilomita 70 ce, garuruwa sun kewaye ta ta kowace kusurwa, kuma mutanenta sun ga yadda raba makaranta ke raba gari: ɓangaren masu kuɗi da tasu, ɓangaren masu ƙaramin ƙarfi da tasu. Sai aka gina ƙatuwar haraba aka buɗe ta a 1999, aka keɓe 'yan aji tara a wata cibiya daban mai suna Lowery, sauran azuzuwa uku suka zauna wuri ɗaya. Idan aka haɗa su duka, ɗaliban sun haura 6,000, kuma babu sakandaren da ta kai ta yawan ɗalibai a jihar. Ranar yaye ɗalibai, sama da 1,500 ake kira ɗaya bayan ɗaya, iyaye na zaune suna jiran sunan nasu.

Daren Juma'a

Wasan da ake magana a kai ba ƙwallon ƙafar da muka sani ba ce. Ta fi kusa da zari-ruga: mutum 11 kowane ɓangare, da kwalkwali da sulken kafaɗa, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai, ana ruga da ita a hannu ko a jefa wa abokin wasa. A Amurka an raba mata kwanaki. Lahadi ta ƙwararru ce, Asabar ta jami'o'i, daren Juma'a kuma na 'yan sakandare. Rabon nan har doka ta tsare shi, domin tun shekarun 1960 majalisar dokokin ƙasar ta sa sharaɗin da ya hana gasar ƙwararru ta NFL nuna wasanninta a talabijin daren Juma'a da ranar Asabar a mafi yawan kakar, don kada a kwashe wa makarantu 'yan kallo. A Teksas abin ya wuce wasa. Littafin H. G. Bissinger na 1990, Friday Night Lights, wanda ya bi wata makaranta a garin Odessa tsawon kaka guda, shi ya fito wa sauran duniya da yadda gari sukutum ke ɗora mutuncinsa a wuyan yara 'yan shekara 17.

Hukumar da ke tsara gasannin ana kiranta UIL, tana ƙarƙashin Jami'ar Teksas da ke Austin, kuma ba wasanni kaɗai take kula da su ba, har da muhawara da lissafi da wasan kwaikwayo da kiɗa. Tana jera makarantu gwargwadon yawan ɗalibai, daga rukunin 1A zuwa 6A. Sai dai rukunin sama ba shi da rufi. Makarantar da ke da ɗalibai 2,500 za ta iya haɗuwa da Allen mai ninkinta biyu da rabi, kuma duk wanda ya taɓa zaɓen 'yan wasa ya san bambancin tsamo goma sha ɗaya daga dubu da tsamo su daga dubu uku.

Kofin jiha na farko ya zo a 2008. Daga nan sai zamanin Kyler Murray, yaron da ya riƙe muƙamin kwatabak, wato madugun da ke karɓar ƙwallo ya tsara kowane hari. Ba shi da tsayin da masana ke so ga mai wannan gurbi, amma ga gudu ga hannu. Ya jagoranci makarantar a wasanni sama da 40 bai sha kaye ko sau ɗaya ba, suka ɗauki kofi a 2012 da 2013 da 2014 a ƙarƙashin koci Tom Westerberg. Wasan ƙarshe na 2013, wanda suka lallasa Pearland da ci 63 da 28 a filin ƙungiyar Dallas Cowboys, mutum 54,347 ne suka kalle shi. Wasan 'yan sakandare ke nan. Jerin nasarorin ya kai 57 kafin makarantar Westlake ta Austin ta tsinke shi a 2015. Murray ya je Jami'ar Oklahoma ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2018, ƙungiyar Arizona Cardinals kuma ta ɗauke shi a matsayin na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2019. Allen ta ƙara kofi na biyar a 2017, da ƙyar, 35 da 33 a kan Lake Travis.

Mai karatu ɗan Najeriya zai tsinci sunayen gida a cikin jerin waɗanda makarantar ta yaye. Cedric Ogbuehi, wanda Cincinnati Bengals ta ɗauka a zagayen farko a 2015, da Levi Onwuzurike, wanda Detroit Lions ta ɗauka a 2021, duk 'yan asalin Najeriya ne da suka tashi a Allen. A kokawa ma makarantar ta yi shekaru a jere tana riƙe da kambun jiha tun daga 2010, kuma daga nan Bo Nickal ya fito, ya je ya zama zakaran jami'o'in Amurka sau uku. 'Yan ƙwallon kwando maza sun ɗauki nasu kofin a 2018.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ko makaranta na da ɗalibai 600 ko 6,000, mutum 11 ne ke shiga fili a lokaci guda, biyar kuma a ƙwallon kwando. Yaron da a Frisco zai zama tauraro, a Allen yana iya ƙare shekarunsa huɗu a benci, ko ma a ce masa ya gwada wani abin. Iyaye sun san da haka. Wasu kan sayi gida a garin don ɗansu ya sa rigar mikiya, wasu kuma kan bar garin saboda sun ga ba zai taɓa sa ta ba.

Filin da ya tsage

Tsohon filin makarantar na shekarun 1970 ne, lokacin garin bai kai mutum dubu goma ba. Da jama'a suka yi yawa sai aka koma hayar kujerun wucin gadi kowace kaka. A 2009 hukumar makarantu ta nemi izinin cin bashin dala miliyan 119 ta hanyar sayar da takardun lamuni, don gina fili, da babban ɗakin wasan kwaikwayo da kiɗa, da cibiyar motoci da kayan aiki. Kimanin kashi 63 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka ce sun yarda, alhali tattalin arzikin Amurka na cikin mawuyacin hali a lokacin. Babu wanda ya yi musu dole. Harajin gidajensu ne za a biya bashin da shi, kuma sun sani.

Filin ya ci dala miliyan 59.6. Yana ɗaukar mutum 18,000, da ƙaton allon bidiyo, a ƙarƙashin kujerun kuma akwai ɗakin ɗaga ƙarfe da na kokawa da wurin koyon golf. An buɗe shi ranar 31 ga Agustan 2012, Allen ta doke Southlake Carroll 24 da nema. Lokacin bai yi wa masu kare aikin daɗi ba, domin a 2011 majalisar jihar ta zaftare wa makarantun gwamnati sama da dala biliyan biyar, ana ta rage malamai a faɗin jihar. Amsar hukumar ita ce aljihu biyu ne: kuɗin lamuni na gine-gine ne kawai, doka ba ta yarda a biya albashi da shi ba. Gaskiya ne. Amma aljihun biyu duk a jikin wando ɗaya suke, na mai biyan haraji, kuma a jihar da babban kocin babbar makaranta ke karɓar fiye da dala 100,000 a shekara, malamin lissafi yana da hujjar ɗaga gira.

Sai ga abin kunya. A watan Fabrairun 2014, wata 18 kacal da buɗewa, aka rufe filin. Kankaren farfajiyar da 'yan kallo ke bi ya tsattsage, injiniyoyin da aka kira kuma suka gano cewa matsalar ba ta fuska ba ce, akwai kuskure tun daga zane. Masu dariya suka samu abin nema. Bikin yaye ɗalibai na shekarar sai a wani wuri aka yi shi, 'yan ƙwallo kuma suka buga kakar 2014 gaba ɗaya ba gida, suna aron filayen Plano. A haka suka cinye duk wasanninsu suka ɗauki kofi. Kamfanin da ya zana da wanda ya gina ne suka ɗauki nauyin gyaran, wanda ya haura dala miliyan 10, aka sake buɗewa a 2015. Su kuma maƙwabta, maimakon su ɗauki darasin tsimi, sai suka shiga rige-rige: Katy ta buɗe nata a 2017, McKinney a 2018, kowanne a kan kusan dala miliyan 70. Bambancin dai shi ne waɗancan makarantu da yawa ne ke raba filin, na Allen kuwa na makaranta ɗaya ne.

Inda kowa ke da gurbi

Yanzu a dawo kan 'yan ɗari takwas ɗin nan, domin a nan ne shawarar makaranta ɗaya ta fi nuna amfaninta. Ƙwallo tana tace yara ta zubar da mafi yawansu. Badujala kuwa tana haɗiye su. Fili ne mai tsawon yadi 100 da faɗin yadi 53 da ɗoriya, kuma muddin akwai inda za a tsayar da ƙafa biyu, ana iya ƙara mutum ɗaya. Mace da namiji, siriri da mai jiki, ɗan Ba'indiye da ɗan Bameksike, kaya iri ɗaya za su sa, hula iri ɗaya, daga saman kujeru ba mai iya bambance su.

Aikin yana farawa tun yaro na aji shida, wajen shekara 11, lokacin da malamin kiɗa zai duba leɓensa da yatsunsa ya gwada masa kayan busa daban-daban, iyaye kuma su je su yi hayar wanda ya dace. Shekara uku yana koyon karanta rubutun kiɗa yana zaune a kujera. Sai ya shiga aji tara za a ce masa ya tashi ya yi tafiya da shi.

Tafiyar nan ita ce wuyar aikin. A watan Agusta, kafin a koma makaranta, ana tara su a filin ajiye motoci da aka zana wa layuka irin na filin ƙwallo. Zafin Teksas a wannan wata yakan kai digiri 38 ko ya wuce, kwalta na turiri, kowane yaro da ƙatuwar gorar ruwansa. Abu na farko da za a koya masa shi ne taku: takwas a cikin kowane yadi biyar, wato santimita 57 kowane taku, ba ƙari ba ragi, dogo ne shi ko gajere. Zai sauke dunduniya a hankali ya mirgina tafin ƙafa zuwa yatsu, don kada girgizar tafiya ta hau ƙirjinsa ta karya sautin da yake busawa. Zai koyi ja da baya a kan yatsu ba tare da waiwaye ba. Zai koyi tafiya gefe alhali kafaɗunsa da bakin ƙahonsa na fuskantar 'yan kallo. Mai ɗauke da susafon, ƙaton ƙahon nan da ke naɗe jiki ya buɗe baki a saman kai, yana yin duk wannan da nauyin kilo goma sha wani abu a kafaɗa ɗaya.

Kowane yaro yana da lamba, kuma kowace siffa da rundunar za ta zana a fili an rarraba ta ɗigo-ɗigo a kwamfuta. Abin da shi ya sani kawai shi ne a ƙirga na kaza zai kasance taku kaza daga layin yadi 40, taku kaza daga gefe, kuma yana da ƙirga 16 ya isa ɗigo na gaba. Hoton da ake zanawa ba ya ganinsa. Na saman kujeru ne ke gani.

Akwai wata matsala da ƙananan ƙungiyoyi ba su cika fama da ita ba. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan mita 91 ne, wato sai an yi fiye da rubu'in daƙiƙa kafin bugun ganga ya isa kunnen wanda ke can nesa. A kiɗa mai sauri wannan ya fi rabin bugu. Yaron da ya dogara da kunnensa zai makara, kuma in ɗari suka makara kiɗan ya zama hayaniyar kasuwa. Saboda haka ake koya musu abin da ya saɓa wa ɗabi'ar duk mai kiɗa: wanda ke nesa kada ya bi abin da yake ji, ya bi hannun madugu. Madugan ɗalibai ne su ma, suna tsaye a kan dogayen dandamali da fararen safar hannu. Da mutum 800 a baje daga wannan raga zuwa waccan, riƙe su a kan bugu ɗaya ya fi busa kowace waƙa wuya.

Masu rawar, waɗanda a Allen ake kira Tallenettes, gadon Teksas ne na kanta. Wata malama mai suna Gussie Nell Davis ce ta kafa irin wannan ƙungiya a kwalejin Kilgore a 1940, 'yan mata a sahu ɗaya suna ɗaga ƙafa sama da kai a tare, makarantun jihar kuma suka kwaikwaya.

Girma yana da ranarsa. Escadrille ta yi maci a faretin Rose na sabuwar shekara a Pasadena ta jihar Kalifoniya a 2006 da 2016, tafiyar kusan kilomita tara ana busa. Na 2006 cikin ruwan sama aka yi shi, abin da faretin ya yi rabin ƙarni bai gani ba. Amma a gasar maci ta jiha, wadda ake yi a filin Alamodome na San Antonio, inda kowace makaranta ke da minti takwas ta nuna abin da ta iya, alƙalai ba yawa suke ƙirgawa ba, tsabtar sauti da daidaiton ƙafa suke dubawa. A can, makarantu irin su Marcus da Flower Mound da Hebron, duk a gefen Dalas, masu ƙungiyoyin da ba su kai rabin ta Allen ba, su suka fi ɗaukar kambu. Allen ta san cinikin da ta yi. Da za ta tace 300 mafi gwaninta ta sallami saura, da ta fi haka kofuna. Ni kam wannan zaɓin ya fi burge ni a kan allon bidiyo.

Kada kuma a ɗauka kyauta ake yi. Hayar kayan busa, takalma, kuɗin tafiye-tafiye, darasin sirri ga mai son ya yi fice, duk a kan iyaye suke. Ƙungiyar iyaye ce ke sayar da abinci a filin wasa don tara kuɗi, su ke auna wa yara kaya, su ke turo manyan ganguna da sauran kayan kiɗa masu nauyi zuwa bakin fili su kuma janye su cikin 'yan daƙiƙu. Garin da iyaye ke aiki biyu don biyan haya ba zai iya haɗa irin wannan runduna ba ko da yana da yaran. Sa'o'i kaɗan a mota daga Allen akwai makarantun da 'yan wasansu shida-shida suke bugawa don babu yara, akwai kuma na cikin birni da ke lallaɓa tsofaffin ƙahoni da salatif.

Sai ka ci jarrabawa

Abin da ke riƙe da linzamin duk wannan wata doka ce ta 1984. Gwamna Mark White ya naɗa attajirin nan Ross Perot ya jagoranci kwamitin gyaran ilimi, Perot kuma ya fito ƙarara ya ce ƙwallo ta hau kan karatu a makarantun Teksas. Dokar da ta biyo baya ta ce duk ɗalibin da ya kasa samun maki 70 a darasi ko da guda ne, ba wasa, ba maci, ba wata gasa. Da farko mako shida ake dakatar da shi, a 1995 aka rage zuwa uku. Kociyoyi suka tayar da ƙayar baya, kuma fushinsu na cikin abubuwan da ake ambata idan ana bayanin faɗuwar White a zaɓen 1986. Dokar dai tana nan. Ga 'yan badujala tana da wata illa ta musamman: yaron da ya faɗi lissafi yakan bar rami a cikin sahu, kuma ramin a bayyane yake ga duk wanda ke saman kujeru. UIL ta kuma ƙayyade atisayen maci a wajen lokacin darasi zuwa sa'a takwas a mako, don kada malaman kiɗa su ma su yi abin da aka zargi kociyoyi da shi.

Shekara tara Allen ta yi ba a doke ta a sabon filinta ba. A watan Satumban 2021 makarantar Atascocita daga gefen Houston ta zo ta ci ta 41 da 20 a gaban jama'arta. Wani abin da ya fi wannan nauyi kuma yana tafe a hankali. Filayen gini sun kusa ƙarewa a garin, gidaje sun yi tsadar da sababbin ma'aurata ba sa iya saye, waɗanda suka shigo a shekarun 1990 kuma 'ya'yansu sun girma sun tafi, su suna nan zaune a gidajen. A ƙarshen 2022 hukumar makarantu ta yanke shawarar daina amfani da firamare biyu a matsayin firamare, ta sake shata iyakokin sauran, bayan zaman da iyaye suka cika ɗaki suna ƙorafi. Daga waɗannan azuzuwan ne ake samun 'yan aji shida da malamin kiɗa ke duba wa leɓe da yatsu.